Shirin Gasar Harbi da Ƙaramar Bindigar Iska da Yadda Ake Tafiya da Ita

Harbi da ƙaramar bindigar iska daga nisan mita 10 ya shiga wasannin Olamfik a birnin Seoul a 1988, kuma hukumar wasannin harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a Munich ta ƙasar Jamus, ita ce ke tsara dokokinsa. Maharbi yana tsaye ne, bindiga a hannu ɗaya, bai jingina da komai ba, ya yi harbi 60 da ƙwayar dalma mai kaurin milimita 4.5 cikin minti 75 idan allon na lantarki ne. Da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta milimita 11.5 ne kacal, cikakken maki kuwa 600 ne, kuma Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa tarihi da 594 a 2009. A wasa irin wannan maki biyu ko uku ne ke raba wanda zai shiga zagayen ƙarshe da wanda zai koma kujerar 'yan kallo, kuma sau da yawa ana zubar da su tun kafin harbin farko: a wurin kwastan, a teburin duba kaya, ko a daren da ba a samu barci ba. Don haka manufar duk shirin ita ce kada ka haɗu da wani sabon abu ranar gasa.

Takardu ne ke fi cin lokaci, saboda haka da su ake farawa, da zarar takardar gayyata ta fito. Ƙasashe ba su ɗauki bindigar iska a matsayi ɗaya ba. A Jamus, baligi zai iya mallakar wadda ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba (jul ma'aunin ƙarfin harbi ne) ba tare da lasisi ba, muddin tana ɗauke da tambarin harafin F a cikin zane mai kusurwa biyar. A Birtaniya, yankin Scotland yana neman lasisi tun ƙarshen 2016, alhali Ingila ba ta nema ga mai ƙaramin ƙarfi. Kanada kuma tana lissafa ta cikin cikakkun makamai idan gudun ƙwayarta ya wuce mita 152.4 a daƙiƙa kuma ƙarfinta ya haura jul 5.7, kuma bindigogin gasa suna harbawa ne da gudun kusan mita 150 a daƙiƙa, wato dab da wannan iyaka. Masu shirya manyan gasanni sukan aiko da fom na shigo da makami na wucin gadi, wanda ake rubuta sunan kamfanin da ya ƙera bindigar da samfurinta da lambarta. A kwafi lambar daga jikin bindigar kanta, harafi bayan harafi, domin bambancin lamba ɗaya ya isa jami'i ya riƙe akwatin. Akwai kuma izinin fitar da ita daga ƙasarka da dawo da ita, wanda mutane suka fi mantawa da shi. Idan jirgi zai yada zango a wata ƙasa, dokarta ma tana iya hawa kanka, kuma a ganina tikitin da zai kai ka kai tsaye ya fi, ko da ya ɗara tsada.

Sai ita bindigar. Dokar ISSF ta ce nauyinta kada ya wuce giram 1500, kuma dole ta shige cikin akwatin awo mai tsawon milimita 420, faɗi 200, zurfi 50. Saiti na ƙarfe kawai aka yarda da shi, babu gilashin ƙara girma, babu madubi, babu hasken leza. Bindigogin Steyr, Walther, Feinwerkbau, Morini da Pardini suna fitowa daga masana'anta daidai da waɗannan sharuɗɗa, amma mai ita ne kan ɓata lissafi, ko dai ya ƙara wa mariƙi kauri don ya zauna masa a tafin hannu har ya ƙi shiga akwatin, ko ya ƙara nauyi a bututu bai sake aunawa ba.

Kunama ce ta fi jefa mutane cikin matsala. Dole ta ɗauki giram 500 ba ta saki ba, kuma yadda ake gwada ta shi ne a ɗana bindigar, a ɗaga bakinta sama, a rataya ma'auni a jikin kunamar, a ɗaga a hankali har ma'aunin ya bar tebur. Wanda ya daidaita tasa a kan 500 cif ya sa kansa a haɗari, domin sanyi da zafi da girgizar hanya suna iya sauya ta da 'yan giram, kuma bayan gasa ana zaɓar wasu maharba ta hanyar ƙuri'a a sake gwadawa, wanda tasa ta faɗi kuwa an soke sakamakonsa gaba ɗaya. Barin ta a wajen giram 520 zuwa 530 ba zai cutar da yatsa ba. Muhimmin abu shi ne a yi wannan gyara makonni kafin tafiya, yatsa ya saba da shi, kada a taɓa notin kunama a makon gasa sai da larura. Idan kunamar ta lantarki ce, a sa sabon batir a gwada shi a gida, a tafi da wani.

Silindar iska, wato 'yar tukunyar da ke riƙe matsattsiyar iskar da bindigar ke harbi da ita, tana da ranar da aka ƙera ta a rubuce a jikinta, kuma wa'adinta shekara 10 ne. Wadda ta wuce hakan ba za a yarda a yi gasa da ita ba, kuma alhakin dubawa yana kan maharbi. Yawancinsu ana cika su zuwa bar 200 a ma'aunin matsin iska, kuma cikon sau ɗaya yana wadatar da gasa da harbin gwajinta, har da saura. Kowane kamfani yana da nasa mahaɗin ɗura iska, ɗan ƙarfen da ake ɗaurawa tsakanin silinda da babbar tukunya, kuma shi ne abin da aka fi barowa a gida saboda yakan zauna a manne da tukunyar filin atisaye. A cika a hankali, domin iskar da aka ɗura da gaggawa tana zafi, idan ta huce kuma allurar ma'auni ta sauka. Iska tsantsa ake ɗurawa. Iskar oksijin ko man inji a bakin silinda suna iya haddasa fashewa.

Ƙwayoyin dalma sukan zo 500 a gwangwani, kuma ana sayar da su da girman kai daban-daban, kamar milimita 4.49 da 4.50. Kowane bututu yana da irin da ya fi karɓa. Ka tafi da waɗanda ka yi atisaye da su, daga rukunin ƙira ɗaya, ka cika sararin gwangwanin da soso mai laushi don kada su yi ta bugun juna a hanya, domin ƙwayar da gefenta ya lotse ba ta tafiya daidai.

Atisayen makonnin ƙarshe ya kamata ya zama kwaikwayon gasar kanta. A ƙalla sau ɗaya a mako a yi cikakken wasa da agogo: minti 15 na shiri da harbin gwaji, sa'annan harbi 60 cikin minti 75, a daidai sa'ar da za a fara gasar, da takalmin da za a sa da tabarau ɗin da za a sa. Lissafin yana nuna daƙiƙa 75 ga kowane harbi, wanda ya isa a sauke hannu a sake ɗagawa duk lokacin da harbi ya ƙi fita cikin 'yan daƙiƙun farko na tsayuwar saiti. Wannan sauke hannun sai an koye shi kamar yadda ake koyon harbin, domin a cikin gasa zuciya takan ce a ƙarasa kawai. Dalilin da ya sa ido yake zama a kan saitin gaba maimakon allo kuwa lissafi ne mai sauƙi: tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya wajen santimita 36 ce, nisan allo ya ninka ta kusan sau 28, saboda haka karkacewar milimita 0.3 a saiti tana zama fiye da milimita 8 a kan allo, wato ƙwayar ta fita daga 10. A kwanaki uku ko huɗu na ƙarshe a rage yawan harbi, a ƙara jan kunama ba ƙwaya a gaban farin bango, kafaɗa ta huta. Ba a sauya tsayuwa ko mariƙi a wannan lokaci, komai kyawun shawarar da wani ya bayar.

Akwai batun magani da bai kamata a yi sakaci da shi ba. Hukumar WADA, mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta wa maharba magungunan rage bugun zuciya irin su propranolol, a lokacin gasa da ma wajenta, kuma wannan maganin ne ya sa aka ƙwace lambobin yabo biyu daga hannun Kim Jong-su na Koriya ta Arewa a Olamfik na Beijing a 2008, ciki har da tagullar da ya ci a wannan fanni. Likitoci suna rubuta irinsu ga masu hawan jini, wasu ma suna cikin maganin ɗiga wa ido. Mai shan kowane magani ya nuna wa likitan tawaga tun da wuri, a ga ko za a sauya shi ko a nemi izini na musamman, kada kuma ya daina sha da kansa.

Ranar haɗa kaya, bindiga tana shiga akwati mai tauri mai kulluwa, babu ƙwaya a cikinta, da zaren tsaro mai launi a zure tun daga mazaunin ƙwaya har bakin bututu. Idan tafiyar ta jirgin sama ce, a sanar da kamfanin kwanaki kafin tashi, a karɓi amincewarsa a rubuce, a isa filin jirgi da wuri fiye da sauran fasinjoji. Dole a zazzage iskar silinda gaba ɗaya, allura ta koma sifili, kuma ya fi kyau a kwance ta daga jikin bindigar don jami'i ya gani da idonsa. Bindiga da ƙwayoyi ba sa shiga jakar hannu, wasu kamfanonin ma suna so a raba musu akwati. Abin da ya dace da jakar hannu shi ne takardu da kwafinsu, tabarau na harbi, takalmi, da littafin da kake rubuta saitinka, domin idan akwati ya makara ana iya aron bindiga, amma gilashin da aka yanka daidai da idonka ba ya aruwa. A mota kuwa, akwatin ya kasance a kulle a but, kada a bar shi cikin zafin rana, kada kuma a buɗe shi a wurin da jama'a suke, tunda mai wucewa ba zai bambanta ta da bindigar harsashi ba.

A yi ƙoƙarin isa kwana biyu kafin gasa, fiye da haka idan bambancin sa'o'i tsakanin ƙasashen yana da yawa. Aikin farko shi ne cika silinda da kai bindiga wurin masu duba kaya, ko da a gasar an ce dubawar farko ganin dama ce, domin gara a ji matsala yau da a ji ta bayan harbi 60. Suna duba takalmi ma: kada ya rufe idon sawu, kuma tafinsa ya zama mai lanƙwasuwa. Wuyan hannun da ke riƙe bindiga ba a ɗaura masa agogo ko wani abu mai kama da tallafi, kuma abin rufe idon da ba a saiti da shi kada faɗinsa ya wuce milimita 30. Atisayen hukuma na jajibirin gasa dama ce ta sanin hasken zauren, wanda yakan bambanta da na filin da ka saba har ya matsar da inda ƙwayoyi ke taruwa. Gyara saiti a rubuta adadin danna da aka yi. A lura cewa a bindigogin Jamus da dama alamar da ke jikin saiti tana nufin a murɗa zuwa inda ƙwayar ta faɗa, don haka a san tsarin tun a gida.

Da safen gasa a ci abin da aka saba ci, marar nauyi, sa'o'i biyu ko uku kafin farawa, kuma wanda bai saba shan kofi ba kada ya fara ranar. Ba a cire zaren tsaro ko a ɗaga bindiga sai jami'in fili ya ba da izini, ba a kuma harbi kafin a ji "START" ko bayan "STOP". Harbin gwaji ba shi da iyaka cikin minti 15 ɗin, amma goma zuwa goma sha biyar sun wadatar, a bar hannu da ƙarfinsa. Da zarar an shiga harbin maki, iskar da ta fita ba ƙwaya ana lissafa ta sifili, haka ma ƙwayar da ta faɗa allon maƙwabci. Idan an yi kunnen doki ana komawa ga yawan ƙwayoyin da suka shiga ƙaramar da'irar cikin 10, saboda haka harbi na 58 yana da nauyin na farko.

Bayan harbin ƙarshe a mayar da zaren tsaro, a jira jami'i ya duba kafin a ɗauke bindiga daga tebur, kuma kada a taɓa kunama har a tabbatar ba a cikin waɗanda za a sake gwadawa. Mutum takwas na sama suna shiga zagayen ƙarshe, inda ake farawa daga sifili, maki yana kaiwa 10.9, ga kiɗa da hayaniyar 'yan kallo, don haka mai sa ran shiga ya sake cika silinda ya nemi sanin lokacin da ake son ya bayyana, domin makara tana jawo ragin maki. Kafin a kama hanyar komawa a sake zazzage iskar silinda, a kuma tabbatar takardar shigo da bindigar tana hannu, tunda jami'an filin jirgi za su nemi ganin cewa lambar da ta shigo ita ce ke fita.