Kurakuran da aka fi yi wajen raba maki da hawa lebul a wasan labari na gida

In kana cikin masu haɗa wasan labari da kanku, irin wanda za ku baje tabarma a ƙofar gida bayan isha'i da littafi da biro da ɗan ludo, mutum ɗaya yana jan labari sauran kowa na riƙe da jaruminsa, to ka sani wajen maki da lebul (matakin ƙarfin da jarumi ke hawa in ya tara maki) ne wasan ke yawan lalacewa. Labari zai yi daɗi, aljanu da dodanni duk sun ji, amma a hankali sai ka ga majalisa tana watsewa ba wanda ya faɗa maka dalili.

Wanda ya fi yawa shi ne ba a samun maki sai an yi kisa. Duk abin da ka ɗora wa maki, shi 'yan wasa za su bi, ba ruwansu da wahalar da ka sha wajen tsara labari. Ka ce kashe dodo maki 50 ne, sulhu kuwa ko sisi babu, to kar ka yi mamaki in an shiga kasuwa a cikin labari wani ya zare takobi kan mai goro. Ko Dungeons & Dragons (D&D), wasan labarin da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, a tsofaffin dokokinsa dukiyar da aka kwaso ma tana ba da maki, kowane tsabar zinare maki ɗaya, shi ya sa mutane ke laɓewa su wuce dodo yana barci su kwashe kaya su gudu. Gyaran ba wuya, ka ɗora makin a kan warware matsala, ko da faɗa aka warware ta ko da baki ko da wayo, duk ladan ɗaya.

Sai tsanin hawa. Wasu su sa maki 100 a kowane lebul alhali manyan dodanni suna ba da 500, sai jarumi ya haye lebul biyar a dare ɗaya. Wasu kuma saboda tsoron haka su ƙuntata, a yi ta zama sati da sati mutum yana lebul 1, wallahi wannan ya fi kashe wasa. Duba yadda bugu na biyar na D&D na 2014 ya yi: lebul 2 maki 300, lebul 3 maki 900, na 4 maki 2,700, na 5 maki 6,500, har zuwa lebul 20 a 355,000. Farko da sauri don sabon shiga ya ɗanɗana, daga baya a ja. In lissafi na ba ka ciwon kai ka bi hanyar wani wasan irinsa mai suna Pathfinder, bugu na biyu na 2019, kowane lebul maki 1,000 ne, ladan kowane faɗa ne ake aunawa da ƙarfin 'yan wasan.

Akwai wanda kusan kowa ke faɗawa saboda da ɗan ludo muke wasa. Su can masu waɗannan wasanni ɗan jifansu mai fuska 20 ne, ƙarin ɗaya a kansa ba wani abu ba ne, namu kuwa shida ne kacal. Ka ce sai an jefa 4 zuwa sama a yi nasara, rabi da rabi kenan. Ka ƙara wa jarumi ɗaya a kowane lebul, yana samun ƙarin uku shikenan ko 1 ya jefa ya ci, to ina amfanin jifan? Ko dai ka koma jefa biyu a haɗa, daga 2 zuwa 12, ko ka riƙa ba da ƙarin sai bayan lebul uku ko huɗu, a tsakani ka ba shi sabuwar dabara, ko doki, ko suna a wajen sarkin garin. Irin wannan ma sun fi sa mutum murna.

Wanda bai zo ba fa? Abokinku ya taso daga Kawo zai zo Barnawa ruwan sama ya tare shi, ko ya koma makaranta Zariya, ya dawo ya tarar kowa ya ba shi tazarar lebul biyu, dodon da wasu ke mari, shi kuwa bugu ɗaya dodon zai yi wa jaruminsa ya kwanta. Ba zai sake zuwa ba. Ni dai a ganina a haɗa makin ƙungiya wuri ɗaya kowa ya hau tare, ko a bar ƙirga gaba ɗaya, duk sanda aka gama wani babban sashe na labari kowa ya ƙara lebul.

Canza doka ana tsakiyar wasa kuma rigima ce kawai, musamman in ƙaninka ne ya amfana, za a ce son kai. Rubuta dokar a shafin farko, ɗauki hoto ka tura gurup ɗinku na WhatsApp, in akwai gyara a bari sai an tashi. Kuma kafin ka tara mutane ka zauna kai kaɗai ka haɗa jarumi na lebul 1 da na 5 da na 10, ka kara kowanne da dodo iri ɗaya kana jifa kana rubutawa, nan za ka ga lebul ɗin da lissafinka ya fara zamewa.