Yadda na gyara manhajata da Larabci ya rikita

Manhajata ta shekara 2 tana aiki lafiya, sai aka nemi in ƙara mata Larabci, nan fa komai ya dagule. Ashe duk jimlolin a cikin lambobin shirin, wato rubutun umarnin da ke tafiyar da manhajar, na cusa su. Na kwashe su zuwa fayil na daban, kowace jimla cikakkiya da lakabinta.

Jam'i ne ya fi ba ni wahala: Turanci siga 2 gare shi, Larabci kuwa 6, dole na koma kan ƙa'idojin CLDR, wato kundin bayanan harsuna na ƙungiyar Unicode. A CSS kuma, wato abin da ake tsara fasalin shafi da shi, na bar hagu da dama, na kama farko da ƙarshe, tunda daga dama ake fara rubutun Larabci, shafin ya juya da kansa.

Wadda nake ginawa yanzu, tun ranar farko na ware mata fayil ɗin, alhali harshe ɗaya take ji.