Yadda ake haɗa kwamfuta mai HDMI da tsohuwar monita mai VGA

Masu tambaya sun yawaita kan wayar haɗi (kebul) da suka saya don haɗa kwamfuta da monita ta ƙi nuna hoto, don haka ga matakan.

1. Ku duba bayan monita. Kafar VGA yawanci shuɗiya ce mai ramuka 15, kuma siginar analog kaɗai take karɓa, wato tsohon salon aika hoto, ba dijital ba.
2. Ku duba kafar kwamfutarku. HDMI, DVI-D da DVI-I nau'o'in kafar fitar da hoto ne. HDMI da DVI-D dijital zalla suke fitarwa, amma DVI-I na ɗauke da analog, saboda haka adafta mai sauƙi ta wadatar da ita.
3. Idan HDMI ce, ku sayi adafta mai na'urar juya sigina daga dijital zuwa analog a cikinta. Hattara: waya zalla, mai HDMI a baki ɗaya da VGA a ɗayan, ba ta juya komai, arharta ce kawai ke jan mutane.
4. Ku karanta kwalin, domin mai juya VGA zuwa HDMI ba ta aiki a akasin haka.
5. Ku soka adaftar a kwamfuta, ku haɗa ta da monita da wayar VGA, ku ɗaure kusoshinta biyu.
6. Idan adaftar na da kafar USB, ku ba ta wuta.
7. A Windows, ku danna maɓallin Windows tare da P, ku zaɓi yadda hoton zai fito. VGA ba ta ɗaukar sauti, sai an jona lasifika daban.