Ga 'yan kimistirinmu da suka sauka Ingila: ku shirya wa na'urar IR

Duk shekara wajen watan Satumba, ƙannenmu da suka gama digiri a ATBU Bauchi, ko Jami'ar Jihar Gombe, ko ta Tarayya da ke Kashere, sukan tafi Ingila ƙaro ilimi, wasu da tallafin PTDF, asusun bunƙasa fasahar man fetur na gwamnatin tarayya, wasu da guminsu da na iyaye. Maganar rigar sanyi da shagon naman halal duk wanda ya riga ku zuwa zai yi muku ita. Ni abin da ya fi damuna shi ne makonku na farko a ɗakin gwaji, musamman da na'urar IR, wadda ke haska samfur da hasken infrared ta fitar da zane mai tsini-tsini da ke nuna rukunan atom da ke cikinsa.

Kafin a bar ka ka taɓa komai sai ka yi horon kariya, ka cike takardar COSHH, ta tantance haɗari ga lafiya, a kan sinadaran da za ka yi aiki da su. Tabarau da farar riga dole ne. Ƙanwata mai hijabi, ki nemi na auduga, ki cusa bakinsa cikin rigar. Na'urori kuma kama layi ake yi ta kwamfuta, don haka ka duba lokutan salla kafin ka zaɓi awa, domin a Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa-kusa.

A gida da yawanmu aika samfur muke yi wani gari, a dawo mana da takarda. A can kai za ka yi da hannunka. Yawancin na'urorin IR na yanzu suna da ATR, wato ɗan lu'ulu'u da bai kai ƙwayar gyaɗa ba a tsakiyar faranti. Ka goge shi da isopropanol, ka bari ya bushe, ka fara auna iskar ɗakin babu komai a kai, sannan ka ɗiga ɗigo ɗaya. In samfurin hoda ne, ka sauko da hannun na'urar ya danne shi sosai. Cikin minti ɗaya zuwa biyu zane ya fito. In ka ga wani tsini wajen 2350, kada ka ba shi suna a rahotonka: iskar CO₂ ce ta ɗakin, wataƙila ma numfashinka ne.

Lambobin da ke ƙasan zanen suna farawa daga 4000 cm⁻¹ a hagu su gangaro 400 a dama. Don Allah kada ka ce sai ka fassara kowane tsini. Fara kai ido wajen 1700. Tsini mai ƙarfi, dogo, siriri a nan yana nufin akwai C=O, wato kabon da oksijin masu haɗi biyu. Kiton yana zama kusa da 1715, esta ya haura 1735 zuwa 1750, amaid ya sauko 1650 zuwa 1690. Aldehaid yana kusa da kiton ƙwarai, abin da ke tona shi ƙananan tsini biyu ne wajen 2720 da 2820. Idan C=O ɗin yana maƙwabtaka da zoben benzin ko C=C, lambar takan ragu da 20 zuwa 30, kuma malamai suna son yin tambaya a kan wannan.

Daga nan ka koma hagu. O–H na alkohol yana fitowa tsakanin 3200 da 3600, mai faɗi, zagaye kamar gindin ƙwarya. Na asid ya fi haka bajewa, daga 2500 har 3300, yana haɗiye C–H a cikinsa. N–H yana wannan yanki shi ma, amma bai kai faɗi da ƙarfi ba: tsini biyu NH₂ ne, ɗaya kuma NH. Sai ka ja layi a zuciyarka a kan 3000. C–H na ƙasa da shi na sarƙa ce zalla, na sama da shi kaɗan yana manne da C=C ko zobe. Wajen 2250 kuma C≡N. Abin da ke ƙasa da 1500 shi ne yankin zanen yatsa, amfaninsa a gwada shi da zanen sanannen sinadari.

Hanyar da na fi so ɗalibi ya saba da ita ita ce man gyaɗa. Ɗigo ɗaya zai ba ka 1745 mai ƙarfi na esta, da 2925 da 2855 na dogayen sarƙoƙi, da ɗan ƙarami wajen 3007, da C–O kusa da 1160. Ka dafa man da soda ya zama sabulu, ka sake aunawa: 1745 ya ɓace, wani sabo ya tsiro wajen 1560. Haka ake gane haɗi ya kammala.

Ga inda nake jin tsoro a kanku. Bincikenmu da yawa a kan tsirrai ne, darbejiya, zogale, sabara. Ruwan ganyen da ba a tace ba yana ɗauke da sinadarai masu ɗimbin yawa, kuma IR rukuni kawai yake nunawa, ba ya faɗin sunan sinadari. Wanda ya ga O–H da C=O ya rubuta cewa ya gano wani takamaiman magani, mai duba aikinsa zai tsayar da shi nan take. Ka rubuta abin da zanen ya nuna kawai, sauran sai an tace an kai na'urar NMR mai nuna tsarin sinadari, da na'urar auna nauyin ƙwayar sinadari. Shi ma O–H ɗin ka tabbata ba danshi ba ne, musamman in an sa ka matsa samfur cikin gishirin KBr, wanda ke shan ruwan iska.

Ka girmama ma'aikacin da ke kula da na'urar, ka tambaye shi ba kunya, ko da ya ce ka kira shi da sunansa gatsau, al'adarsu ce. In ka gama, ka goge lu'ulu'un, ka sa hannu a littafi, ka adana ainihin fayil ɗin ba hoton waya ba. Wanda bizarsa ba ta fito ba tukuna, akwai SDBS, rumbun zane-zanen sinadarai na ƙasar Japan, kyauta a intanet. Ya riƙa buɗe zane yana rufe sunan, yana gwada kansa tun daga Bauchi.