Yadda Za Ka Bi Labaran Siyasar Indiya Ba Tare da Ka Ruɗe Ba

Da yawa daga cikinmu mun san Indiya ta hanyar fina-finai ko zuwa neman magani, amma idan aka zo batun siyasarta sai labarai su riƙa cin karo da juna: wani ya ce ita ce dimokuraɗiyya mafi girma a duniya, wani kuma ya ce Firaminista Narendra Modi ya mayar da ita ƙasar mabiya addinin Hindu zalla. Mai son gane bakin zaren sai ya riƙa rarrabe aƙidar jam'iyya mai mulki, da salon Modi na jan talakawa, da halin da hukumomin ƙasa suke ciki.

Ka fara da aƙidar, domin ta girmi jam'iyyar nesa ba kusa ba. An kafa BJP, jam'iyyar Modi mai mulki, a 1980, amma uwar gijiyarta, ƙungiyar masu kishin Hindu ta RSS, tun 1925 aka kafa ta a Nagpur, kuma a cikinta Modi ya taso. Aƙidarsu ta Hindutva tana kallon Indiya a matsayin gidan Hindu kafin kowa, alhali ƙidayar 2011 ta nuna Musulmi sun kai kashi 14 cikin 100, wato sama da mutum miliyan 170. Saboda haka, duk lokacin da ka ji wani sabon mataki na gwamnati, ka duba ko yana cikin tsofaffin alkawuran wannan gida. Soke matsayi na musamman na Kashmir, yanki mai rinjayen Musulmi, a Agustan 2019 yana ciki. Haka ma wurin bautar Ram, ɗaya daga cikin abubuwan bautar Hindu, da aka buɗe a Ayodhya a Janairun 2024, a filin masallacin Babri da aka rushe ranar 6 ga Disamba, 1992. Dokar zama ɗan ƙasa ta Disamban 2019, wadda ta sauƙaƙa wa 'yan gudun hijira daga Pakistan da Bangladesh da Afghanistan amma ta tsame Musulmi, daga wannan tushe ta fito.

Sai dai aƙida kaɗai ba ta isa ta bayyana nasarar Modi ba, kuma a nan ne masu sharhi da yawa daga nesa suke yin kuskure. Ka lura da yadda yake gabatar da kansa a matsayin yaron da ya taɓa sayar da shayi, yana kiran Rahul Gandhi na jam'iyyar adawa ta Congress, jikan tsohuwar firaminista Indira Gandhi, yarima ɗan gado. Yana magana da jama'a kai tsaye ta shirinsa na rediyo na wata-wata, ba ya sakin jiki da tambayoyin 'yan jarida. Gwamnatinsa tana raba hatsi kyauta ga mutane kusan miliyan 800, ta kuma kai tukunyar gas gidajen talakawa da dama. Matar da ke ƙauyen Bihar, wadda ta huta da hayaƙin itace, tana iya zaɓensa ba don ta ƙi maƙwabcinta Musulmi ba. Wannan salo ma ba shi ya fara shi ba: Indira Gandhi ta ci zaɓen 1971 da taken kawar da talauci, sannan ta ƙaƙaba dokar ta-ɓaci daga 1975 zuwa 1977.

Idan sakamakon zaɓe ya fito, kada ka tsaya a kan kujeru, ka nemi yawan ƙuri'u. Majalisar wakilai tana da kujeru 543, ana kafa gwamnati da 272. BJP ta samu 282 a 2014 da kusan kashi 31 na ƙuri'u, ta samu 303 a 2019 da kusan kashi 37, sannan ta faɗo zuwa 240 a 2024, dole ta jingina da jam'iyyun jihohi na Chandrababu Naidu da Nitish Kumar. Wato ba ta taɓa samun rabin ƙuri'un ƙasar ba. Ka leƙa jihohi kuma, musamman Uttar Pradesh mai kujeru 80, inda a 2024 BJP ta sha kaye har a mazaɓar Faizabad da Ayodhya take ciki. Rarrabuwar jama'a bisa asalin haihuwa da rashin aikin yi sukan rinjayi kiran addini a irin waɗannan wurare, kuma a Tamil Nadu har yau jam'iyyar ba ta da ƙarfi.

Game da lafiyar dimokuraɗiyya, ranar zaɓe ba ta isa ma'auni ba, sai ka duba abin da ke faruwa tsakanin zaɓe da zaɓe. An cire Rahul Gandhi daga majalisa a Maris na 2023 kafin kotun ƙoli ta buɗe masa hanyar komawa. Jami'an haraji sun shiga ofisoshin BBC a Fabrairun shekarar, makonni kaɗan bayan shirinta kan rikicin Hindu da Musulmi na jihar Gujarat a 2002, lokacin da Modi yake mulkin jihar, aka kuma kama babban ministan Delhi na lokacin, ɗan adawa Arvind Kejriwal, ana dab da zaɓen 2024. A ɗaya ɓangaren, manoma sun tilasta wa gwamnati janye dokokin noma a 2021, kotun ƙoli ta soke tsarin ba jam'iyyu kuɗi a asirce a Fabrairun 2024, ta kuma taka wa jihohi birki kan rushe gidajen waɗanda ake zargi ba tare da bin ƙa'ida ba. Saboda yawancin manyan gidajen talabijin na ƙasar sun karkata ga gwamnati, ka haɗa abin da suka faɗa da rahoton jaridu irin su The Hindu da The Indian Express kafin ka yanke hukunci.