Yadda na gyara hannun ɗanawa na tsohuwar bindiga Winchester 1894

Alhamdu lillahi, hannun ɗanawar, wato ƙarfen da ake ja ƙasa a ɗana bindigar, ya daina cijewa. Da sai ya sauko rabi ya tsaya cak. Na zargi sifirin, lafiyarsa lau; ɗiga mai ma bai yi amfani ba.

Ashe tsohon giris ne ya daskare a ciki kamar ƙaro. Na fara tabbatar babu harsashi, na kwance sukurun bayan kunama da sukundireba daidai bakinsa, na zare katakon gindin. Na jiƙa ƙarfen a kananzir ya kwana, na goge da burushin haƙori, ya bushe, na shafa mai kaɗan.

Sanfefa kuwa ban kusanto da ita ba. Masu tara irin wannan bindiga ƙirar John Browning, maƙerin bindigogi, musamman ta kafin 1964, asalin launin ƙarfen suke biya.