Matakan Da Za Ka Bi Kafin Ka Je Wurin Lauya Idan An Keta Sirrinka Ta Waya

A ƙauyukan Kano da Jigawa waya takan bi ta hannuwa da yawa kafin mako ya zagayo. Takan kwana wurin mai caji saboda rashin wuta, ranar kasuwar Wudil ko ta Maigatari a miƙa ta ga mai POS ya duba ko kuɗin dabbobi sun shigo, idan ta lalace a bar ta kwana biyu a teburin mai gyara ba kulle, sannan ga masu zuwa ƙofar gidan mai unguwa da sunan rajistar tallafin taki suna karɓar takardar NIN da lambar BVN. Ta irin waɗannan hanyoyi ake kwashe wa mutum kuɗi, ko a ci bashi da sunansa, ko a fitar da hoton iyalinsa bainar jama'a. Dokokin ƙasa sun yi tanadi kan dukkansu, sai dai lauya da hujja yake aiki, kuma mafi yawan hujjar tana cikin wayar nan da mai ita yake gaggawar gogewa saboda kunya ko ɓacin rai.

Abu na farko shi ne tsayar da ɓarnar. Idan kuɗi ne suke fita, ko layinka ya ɗauke haka kawai alhali na maƙwabta suna da sabis, kada ka jira gari ya waye ka nemi motar Hadejia ko Bichi. Bankuna suna da lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ko da ta aro ce, kuma ya kamata kowane magidanci ya tambayi ta bankinsa ya rubuta a takarda tun ana zaune lafiya. Ɗaukewar layi ba dalili tana iya nufin wani ya je an yi masa welkam bak, an ba shi sabon sim da lambarka, wato duk lambar sirrin da banki zai turo a hannunsa za ta faɗa. Bayan an rufe asusun sai ka je ofishin kamfanin layin da shaidar NIN, ka karɓi lambar ƙorafinka, idan suka yi ta jan ƙafa ka kira 622, layin ƙorafi na hukumar sadarwa ta NCC, wanda kyauta ne.

Daga nan sai adana hujja, kuma a nan ne yawancin ƙararraki suke mutuwa tun ba a shigar da su ba. Hujjar waya kamar sawun ɓarawo ne a turɓaya, idan ba a bi shi da wuri ba iska da ƙafafun jama'a za su share shi. Abin da aka ɗora a sitatus na WhatsApp yana ɓacewa bayan awa 24, wanda ya turo saƙo kuma yana da kusan kwana biyu da zai iya goge shi daga wayarsa da taka gaba ɗaya. Saboda haka ka ɗauki hoton fuskar wayar nan take, amma ka lura da abu guda: idan ka adana lambar mutumin da laƙabi, laƙabin kaɗai hoton zai nuna, alƙali kuwa bai san wane ne Ɗan Ladi ba. Ka buɗe wurin da lambar take a bayyane ka ɗauke ta, ka tabbata rana da lokaci sun fito. Mafi inganci ma shi ne ka ari wata waya ka ɗauki bidiyon taka kana buɗe hirar daga farko zuwa ƙarshe ba tare da yankewa ba, kana kunna saƙonnin murya ɗaya bayan ɗaya. Idan a Facebook ne, ka kwafi adireshin shafin da na rubutun, domin suna da hoto abubuwa ne da ake sauyawa cikin minti ɗaya.

Kada ka goge amsoshinka don kana jin kunyar zagin da ka rama da shi. Hirar da aka yi wa giɓi lauyan ɗaya ɓangaren zai fara kai wa hari, kuma shi wanda kake ƙara yana riƙe da cikakkiyarta. Kada ka kai wayar a yi mata filashin, kada ka sayar da ita ko ka yi musaya, kada kuma ka ba yara ita. Rasit ɗin POS tawadarsa tana dusashewa da zafi cikin 'yan makonni, don haka a ɗauki hotonsa a kuma yi masa fotokwafi. A banki ka nemi takardar shige da ficen kuɗi mai hatimi, tare da lambar shaidar kowace fita, domin da ita ake gano asusun da kuɗin suka sauka. Sannan ka sami littafi ka rubuta abin da ya faru bi da bi, da boko ko da ajami, duk wanda hannunka ya fi sabawa da shi: ranar da ka ba da wayar, wanda ya karɓa, wanda yake wurin, da wanda ya fara gaya maka ya ga hotonka a wani zaure. Wannan na ƙarshen ka roƙe shi kada ya goge abin da ya shigo masa, domin shi ma shaida ne, wayarsa ma haka.

Dalilin wannan tsanani yana cikin sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011. Manyan kotuna ba sa karɓar abin da aka fitar daga waya ko kwamfuta sai an bayyana na'urar da ya fito daga cikinta, da yadda aka fitar da shi, da tabbacin cewa tana aiki daidai a lokacin, kuma galibi ana yin haka ne da takardar shaida mai sa hannun wanda yake sarrafa na'urar. Lauya ne zai tsara takardar, amma ba zai iya tsara ta kan wayar da aka sayar a kasuwar Farm Centre ba. Akwai kuma batun wa'adi: sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya wajabta wa kamfanonin sadarwa adana bayanan masu layi da na kiraye-kiraye na shekara biyu, kuma jami'an bincike ne suke da ikon neman su, ba kai ba. Wanda ya yi ta haƙuri har shekara biyu ta wuce yana iya tarar da babu abin da za a ciro.

Togaciya ɗaya ce a kan kwafin hujja. Idan hoton tsiraici ne, kada a tura wa kowa da sunan a gani a shaida, domin mai turawa ya shiga laifin yaɗawa. Idan kuwa na yaro ne ko yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ya mai da ko ajiye shi laifi, saboda haka wayar ake ɗauka yadda take a kai wa hukuma.

Bayan hujja ta kammala, tambayar da za ta nuna maka ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ita ce: wa ya yi maka? Kamfani ne, ko mutum, ko jami'in gwamnati?

Idan kamfani ne, kamar banki ko manhajar ba da bashi ko wata ƙungiya da ta tattara sunaye, makaminka shi ne Dokar Kare Bayanai ta Najeriya da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Dokar ta ba ka ikon tambayar duk mai riƙe da bayananka abin da ya riƙe, da dalilinsa, da waɗanda ya ba wa, ka kuma nemi a gyara kuskure ko a goge, ko ka janye amincewar da ka bayar. Ta kuma wajabta wa kamfanin da aka sace bayanai daga wurinsa ya sanar da hukumar cikin awa 72 idan satar tana iya cutar da mutane. A rubuce ake fara wannan magana: wasiƙa gajera mai kwanan wata, kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka dawo da shi gida. Magana ta baki da ma'aikacin kanta ba ta da inda za a kafa ta. Idan banki ya riƙe ƙorafi mako biyu bai warware ba, galibin koke-koke ana iya ɗaukaka su zuwa sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin Najeriya, wanda yake da reshe a Kano da Dutse. Manhajojin bashi da suke aika wa surukai da limamin unguwa saƙon cewa wane ɓarawo ne, ana kai ƙararsu ga NDPC da kuma FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu sayayya, wadda a watan Yulin 2024 ta ci tarar kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Bashi dai yana nan a kanka sai ka biya, amma mutanen da ke cikin wayarka ba su ci bashi ba, ba su kuma amince a taɓa lambobinsu ba. Tara ba aljihunka take shiga ba. Idan diyya kake so sai ka faɗa a cikin ƙorafin, ko lauya ya shigar da ƙarar neman ta a kotu, kuma Dokar Kare Bayanai ta ba da damar duka biyun.

Idan mutum ne, tsohon miji ko saurayi ko mai gyaran waya, to yawanci maganar laifi ce, ta 'yan sanda. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet, bayan gyaran da aka yi masa a 2024, ya shafi aika saƙon batsa, da saƙon ƙarya da aka aika don tayar da fitina ko jefa rai cikin haɗari, hukuncinsa kuma yana kaiwa ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 7 ko duka biyun. Barazanar fallasa mutum don a karɓi kuɗi a wurinsa ta fi wannan nauyi, yin sojan gona da sunan wani kuma yana ƙarƙashin sashe na 22. Babbar Kotun Tarayya ce take sauraron laifukan wannan doka. A ganina bai dace a riƙa ɗaukar wannan sashe a kan kowace baƙar magana ba, domin an daɗe ana amfani da shi wajen kama 'yan jarida da masu sukar shugabanni, har kotun ECOWAS ta yanke a 2020 cewa tsohon lafazinsa ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Zagi da ƙazafi suna da nasu muhallin a kotunan jiha, har da na shari'ar Musulunci, kuma lauya ne zai duba wadda ta fi dacewa. Ƙorafin da lauya ya rubuta wa kwamishinan 'yan sanda ya fi tsayuwa da ƙafarsa fiye da bayanin baki a ƙaramin caji ofis inda babu mai binciken na'ura. Damfarar kuɗi kuwa ana iya kai ta ofishin EFCC na Kano.

Idan jami'in gwamnati ne, sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya lamunce sirrin gidan ɗan ƙasa da wasiƙunsa da hirarsa ta tarho. Sashe na 45 ya bar ƙofar taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro da zaman lafiya, amma ta hanyar doka, kuma ƙa'idojin da NCC ta fitar a 2019 sun ɗora sauraron kiran mutum, a bisa asali, kan izinin alƙali. Rundunar 'yan sanda da kanta ta sha sanar da cewa ta hana jami'anta binciken wayoyin matafiya a kan hanya haka siddan. Duk da haka, bakin shinge ba wurin jayayya da mai bindiga ba ne. Ka riƙe sunan da ke ƙirjinsa, da lambar motarsu, da wuri da lokaci, da sunan direban da ya ɗauko ka. Ana shigar da irin wannan ƙara a Babbar Kotun Jiha ko ta Tarayya bisa ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009, waɗanda ba su sa mata wa'adi ba, idan kuma mai ƙarar yana a tsare, ɗan'uwansa da ya san maganar zai iya yin rantsuwar a madadinsa.

A karkara da wuya magana ta tsallake mai unguwa ko dagaci ko ofishin Hisba, kuma sulhu alheri ne, musamman tsakanin mutanen da gonakinsu suke iyaka da juna. Sharaɗin kawai shi ne a adana hujja kafin a zauna, domin abin da aka saba cewa a irin wannan zama shi ne kowa ya fito da wayarsa a goge a gaban manya. Ana iya kauce wa hakan cikin ladabi: "Ranka ya daɗe, na karɓi sulhu, amma ina roƙon a rubuta abin da aka amince a kai, shi ya goge nasa a gabanku, ni kuma a bar mini nawa a ajiye har a ga ya cika alkawari." A rubuta yarjejeniyar da shaidu, kowa ya sa hannu ko ya dangwala.

Ranar zuwa wurin lauya ka tafi da wayar da cajarta, da littafinka, da takardun banki, da kwafin wasiƙun da aka buga wa hatimi. Ka faɗa masa komai, har abin da bai yi maka daɗi ba, kamar cewa kai ne da bakinka ka karanta wa mai kira lambar da banki ya turo. Sashe na 192 na Dokar Shaida ya hana lauya fitar da sirrin wanda yake wakilta ba da yardarsa ba. Matar da take jin nauyin buɗe irin wannan magana a gaban namiji tana iya neman ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, wanda kuma samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, naira 70,000 a wata tun 2024, yana iya neman lauyan kyauta a hukumar Legal Aid, ko ya kai kuka Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Ka nemi a rubuta maka kuɗin aiki, a raba shi da kuɗin shigar da ƙara da na zirga-zirga, kuma ka tambaya ƙarara ko abin da ake sa ran samu ya kai abin da za a kashe, domin satar naira dubu 20 ƙorafin banki ya fi dacewa da ita a kan shari'a. Idan 'yan sanda ko lauyan suka buƙaci riƙe wayar a matsayin shaida, ka danna *#06# lambar shaidar wayar, wato IMEI, mai alƙaluma 15 ta fito, a rubuta ta tare da samfurin wayar da kwanan wata da sunan mai karɓa a takardar da zai sa wa hannu, ka riƙe kwafinta kafin ka miƙa.